Rogon Baba Ɗanjuma Bai Shiga Fom Ba

Har yau ban manta da Litinin ɗin da Malam Kabiru ya zube fom ɗina a kan tebur, ya ce in faɗa masa a gindin wace bishiya na zauna na cike su ba. A shekarar nan ce da tsada ta sa ake auna masara da gwangwani, kuma watana biyu ke nan da fara aiki.

Bari in yi muku bayani, ku sababbin ma'aikatanmu. Binciken na kwatanta laifuffuka ne a ƙasashe da dama. Wata farfesa a Turai ce ta tsara tambayoyin, aka fassara, aka ce kada mu canja ko kalma ɗaya, domin a iya jera amsar manomin Makoda da ta manomin wata nahiya. Ni mai tattara bayanai ce, matakin ƙasa. Malam Kabiru ne mai duba aikinmu. Shi ke ɗauka, shi ke sallama.

Tambaya ta bakwai ita ce: a bana an sace maka amfanin gona? Akwati biyu, e ko a'a. A wani ƙauye da ke gaba da Makoda na shiga gida talatin, kowa ya ce a'a. Malam Kabiru ya ce babu ƙauyen da za a yi yunwa irin wannan ba a taɓa gona ba. Da ma an san ni da rubuta waƙoƙi a bayan takarda, don haka ya ɗauka amsoshin ma ƙirƙirarsu na yi. Ya ce ranar Laraba za mu koma tare, idan mutum ɗaya ya ƙaryata ni, in ajiye jakar aiki.

Muka isa da hantsi bayan an yi ruwa, gero ya fi mutum tsawo, ƙasa tana ƙamshi. Malam Kabiru ya zaɓi gidan Baba Ɗanjuma, wani dattijo da ke kusa da ƙaramar majami'ar ƙauyen. Da bakinsa ya karanta tambayar, Baba ya ce a'a. Sai Malam Kabiru ya sauke takardar ya ce, wato babu wanda ya taɓa gonar?

"Taɓawa kam an taɓa, Malam," in ji Baba. "Gindi goma sha ɗaya na rogo."

Malam Kabiru ya juyo ya dube ni ta saman tabarau.

Baba ya ɗauki sandarsa ya ce mu biyo shi. A tsakiyar dogayen rogo, nan da can, ga 'yan ƙananan itatuwa da sabon ganye, kore shar kamar an wanke su. Ya ce tun kakanni haka ake yi a nan: wanda yunwa ta kama gidansa ya tono gindi ɗaya, ya karya itacen, ya dasa a gurbin, ya tattake ƙasar.

"Wanda ya tsaya ya dasa ba ɓarawo ba ne," ya ce. "Ɓarawo sauri yake yi."

Har ya nuna mana wasu guda uku da aka dasa a karkace, ya ce ya san hannun, maƙwabcinsa ne na wajen masallaci, kuma abin haushin nasa ya fi saurin tsiro. Suna kuwa ya ce ba za mu ji ba.

Malam Kabiru ya tambaya, to mene ne laifi a garin nan? Nan take fara'ar Baba ta ɗauke. Ya ce a tuge ciyawar gamba da ke nuna iyakar gona a matsar da ita taku ɗaya, ko a kwashe takin da mutum ya yi rani yana kaiwa gona. Wannan, in ji shi, har jikoki sai sun ji. Muka bi fom ɗin shafi-shafi. Ga fasa mota, ga satar katin banki, babu gamba, babu taki. Malam Kabiru ya yi dariya har ya zauna a kan kunyar gona da farin wandonsa. Da muka koma gida, Inna Ladi, matar Baba, ta kawo dafaffen rogo da ƙuli, ta ce wa Malam Kabiru ya ci da kwanciyar hankali, wannan ba sai ya dasa ba.

A hanya ya ce mini, "Hafsatu, riƙe jakarki." Ya kuma ce in rubuta abin da muka gani, da wannan Hausar tawa ta waƙa, shi zai mayar Turanci.

Ba a canja tambayar ba, don an riga an yi ta a sauran ƙasashen. A jadawalin ƙarshe ƙauyen ya fito cikin wuraren da ba a sata, da 'yar alamar tauraro a gefen sunansa, a ƙasan shafin kuma layi biyu na bayanina.

Abin da na koya shi ne, tambaya takan tsallaka teku yadda take, amma abin da mutane ke kira laifi a ƙasarsu yake tsirowa. Don haka ku karanta tambaya yadda aka rubuta, ku cike akwatin da gaskiya. Sannan ku rufe biro, ku ce Baba ya kai ku gonar.