Julius Mai Hoto da Shanun Laka

Shekara goma sha biyu Julius ya yi yana ɗaukar hoto a Dutsin-Ma, bai taɓa durƙusa wa kowa ba. Ango ne ko malamin ofis, tsayar da shi yake ƙiƙam gaban labule mai zanen bene, ya haska masa fitila, shi ke nan.

A 1983 Inna Huseina, mai ginin tukwane a Birchi, ta aika a kira shi. Takan ƙera 'yan shanun laka da ba su wuce tafin hannu ba, ta shafe su da farar ƙasa da ja, ta ɗiga musu ido da shuni. Ɗanta da ke aiki a Kaduna ne yake son hotunansu ya nuna wa abokai.

Julius ya jera su a tabarma, ya tsaya a kansu ya ɗauka. Da aka wanko hotunan daga Kano, tsohuwar ta jujjuya su ta ce, "Ɗan nan, ai dankali ka ɗauko mini. Wa ke kallon saniya daga sama in ba ungulu ba?"

Maganar ta ƙona masa rai, amma ya koma da hantsi. Ya ajiye fitilar, ya kai shanun inuwar zaure, ya kwanta rub da ciki da farar rigarsa. Sai ga ƙaho, ga tozo, ga ido yana kallonsa.

Daga ranar, har ya rufe shagon hotonsa gaba ɗaya, matarsa Roda ba ta daina mitar ƙurar da ke gwiwar wandonsa ba.