Keken Usman da Ya Zo Daidai da Tsayina

Wata Alhamis ce cikin Shawwal, a shekarar da na cika sha biyu, Baba ya shigo lungunmu na Hindawiyya a Jidda yana tura wani jan keke, rigarsa ta manne masa a baya don gumi. Direba ne a gidan kafilinsa, ubangidan da ya tsaya masa a kan takardar zama. Ɗan gidan ne ya sayo keken daga ƙasar waje, ya hau sau biyu ya gaji, ya ce a fitar masa da shi daga gareji. Ba mu taɓa ganin irinsa ba. Tayoyinsa masu kauri ne masu haƙora kamar na babur, ga sifirin biyu a gaba, ga wani murɗaɗɗe a ƙarƙashin sirdi. Yaran lungu suka biyo shi har ƙofa suna ihun "Saikal! Saikal!" Baba ya jingina shi da bango, ya zauna a dokin ƙofa yana haki, ya ce na Usman ne.

Usman ƙanena ne, shekararsa tara, kuma gajere ne. Bayan kwana biyu Baba ya kai shi wurin Malam Sule, wani mutumin Maraɗi mai gyaran keke a kusa da Bab Makka, don a rage tsayin sirdi. Ni an tafi da ni ne kawai don in riƙo wa Umma cefane. Malam Sule bai ko ɗauki sifanar kwance noti ba. Ya sa Usman ya tsaya da ƙarfen tsakiya a tsakanin ƙafafunsa, ya ce dole tafin ƙafa biyu su zauna a ƙasa, kuma yatsu huɗu su shiga tsakanin ƙarfen da jikin mutum. Usman sai ɗage yake yi. Aka ɗora shi a sirdi, diddigensa bai kai feda ba. Aka ce ya kama birki, yatsunsa suka tsaya a hanya. "Alhaji," in ji Malam Sule, "wannan ba na titi ba ne, na gangarowa daga dutse ne. Yaron da hannunsa bai kai birki ba, kar ka ɗora shi." Sai ya waiwayo ya gan ni da ledar tumatir. "Yarinya, ajiye ki zo nan." Na tsaya da ƙarfen a tsakanin ƙafafuna. Ya ce in gwada da hannuna, yatsu huɗu suka shiga cif. Na hau, ƙafata ta miƙe daidai a kan feda, yatsuna suka naɗe birki ba wahala. Ya yi dariya ya ce, "Ga mai shi nan." Baba bai yi dariyar ba. Sai da muka iso bakin ƙofar gida ya ce, "Dije, ki riƙe masa har ya girma."

Riƙon bai zo da sauƙi ba. Yarinya kamata ba ta hawan keke a titi a lokacin, don haka sai tsakar rana nake fita, bayan azahar, lokacin da shaguna suka rufe, mutane suka shige ɗaki suka bar wa kuliyoyi lungu. Kafin nan kuma sai na gama wanke-wanke, na ƙulla gyaɗar da Umma take kaiwa talla, na jero jarkoki a inda motar ruwa take tsayawa, na kwaso su ɗaya bayan ɗaya. Sai in fito a gajiye in hau keken da ya fi jarka nauyi. Jidda kuwa shimfiɗe take, ba tudu ba gangare. In na taka feda, sifirin ɗin ya haɗiye rabin ƙarfina, keken ya yi ta lotsawa yana tasowa, tafiyar kaɗan. Zagaye uku nake yi daga ƙofarmu zuwa gidan burodi, cinyoyina su mutu, in shigo da shi kafin wani ya leƙo. Kullum Umma tana bakin taga. Abin da take faɗa ɗaya ne: "In surutu ya tashi a unguwar nan, ni za a ci, ba ubanki ba."

Sau ɗaya tak keken ya ga abin da aka ƙera shi dominsa. Wata Juma'a kafili ya ba Baba aron a-kori-kura, ya kwashe mu ni da Usman da keken zuwa wasu duwatsu tsirara a gabashin gari, inda ba kowa sai awaki. Hawan ne aiki. Ni a gaba ina ja, Baba a baya yana turawa, tsakuwa na zamewa a ƙarƙashin takalmanmu, muna tsayawa yana dafa gwiwa. Da muka kai sama na dubi ƙasa, na hau keken. Baba ya ce, "Ki tashi daga sirdi, ki ja jikinki baya, birkin gaba kar ki matse shi gaba ɗaya. Malam Sule ne ya faɗa mini. Yalla, tafi." Na saki. Keken nan da ya wahalar da ni wata da watanni sai ya zama ba nauyi. Duwatsun da nake tsoro suka bi ta ƙarƙashina ban ji su ba, iska ta cika mini baki, ɗankwalina ya tafi abinsa. Kafin in gama ihu na iso inda Usman yake tsalle. Sau uku muka hau. A na huɗu Baba ya zauna a kan dutse ya ce, "Halas, shi ke nan, Dije, ƙafata ta ƙi."

Ba mu sake komawa ba, don ba a sake ba shi motar ba. Shekara na zagayowa gwiwoyina suka fara taɓa kan keken, Umma kuma ta ɗinka mini abaya. Ranar da aka mayar da shi wurin Malam Sule don a gyara wa Usman sirdi, ban bi su ba. Usman kuwa ƙwallo ce a ransa. Ya hau na mako biyu, ya ce nauyi, aka hau da shi saman soro. Laimar teku ta cinye sarƙar, tayoyin suka tsage, wata rana mai sayen tsohon ƙarfe ya sauko da shi a kafaɗa ina tsaye ina shanya.

Yanzu 'yan mata na hawan keke a bakin teku da yamma, ba mai waiwayen su, har da 'yata, wadda in na yi mata Hausa take amsa mini da Larabci. Ta sha cewa in karɓa in zagaya. Nakan ce gobe. Daga wurin aiki nake zuwa, ƙafafuna a kumbure, abin da nake nema benci ne. Baba ya rasu, lungunmu ma an rushe shi. Nakan zauna ina kallonsu suna wucewa, ina taya su murna, amma murnar ba ta cika ba. Lokacin da nake da ƙarfin ba a buɗe hanyar ba, da aka buɗe kuma na riga na gaji.