Mai Na'ana'a da Na'urar Auta

Shekara talatin da ɗoriya Mai Na'ana'a ta yi tana tatsar mai daga ganyen ƙamshi a ɗakin bayan gidanta. Tukunya ce da bututu: tururi ya bi bututun ya huce, mai ya taso saman ruwa, ta kwashe. Awa shida take ba ganye a kan wuta, ko ana ha-maza-ha-mata.

Sai ga autarta ta dawo daga karatu da wata na'ura kamar bahon wanki mai murfi. Wai tana sakin sautin da kunne ba ya ji, ya girgiza ruwa, ya farfasa 'yan jakunkunan da mai ke ɓoye cikin ganye kafin a kai shi tukunya. Abin haushin, man ya ƙaru, ido na gani.

Daga nan Auta ta tsiro da, "Umma, ki huta mana, ni zan riƙe ɗakin nan." Ita da aka goya a ɗakin! Maganar ta tsaya wa tsohuwa a rai.

Ranar da aka yanko na'ana'ar ƙarshe ta bana, Auta za ta fita sayo kwalabe.

"Ki jira ni, Umma. In kin matsu, minti ashirin, a rufe, kada ruwan ya yi ɗumi."

Ina ita ina jira? Umma ta zuba ganyen a na'urar, ta kunna. Minti ashirin ya cika, ta leƙa, ganye na nan kore shar. Yo me ganye zai bayar a minti ashirin? Ta ƙara awa guda, ta ƙara wata, ta cire murfin don hancinta ya yi mata shaida. Ruwa ya ɗau zafi, ƙamshi ya cika layi, har tela maƙwabcinta ya leƙo.

"Yau kam aiki ya yi kyau, Gwaggo."

Ta ji daɗi ƙwarai. Ashe man da ya kamata ya shiga kwalba ne tela ke shaƙa. Da ta gama dafawa, abin da ya taso ko gindin kwalba bai rufe ba.

Auta ta dawo, ta ɗaga kwalbar ta duba. Da faɗa ta yi, da sauƙi, don Umma ta tanadi amsa. Sai kawai Auta ta ɗauko kujera ta ajiye a inuwar baranda, ta turo mata sababbin kwalabe da takardun mannawa.

"Zauna nan, Umma. Wannan aikin ba ya ɓaci."