Nonon da Ba a Sha Ba

Ni ba likita ba ce, ba kuma nas ba. Ɗigon shan inna nake yi gida-gida, kular sanyaya magani a kafaɗa, alli a hannu, kuma na shekara goma sha huɗu ina yi a Tsaskiya da ƙauyukanta kafin korona ta zo. A Darini aka haife ni, can ƙasar Batsari, aure ne ya kawo ni ƙasar Safana. Karatuna bai wuce firamare ba, amma babu zauren da ban san mai shi ba. Abin da nake taƙama da shi a aikin nan ɗaya ne tak, wata rugar Fulani da ke ƙetaren rafi, yamma da gari, wadda babu mai shigarta da magani sai ni.

Ba a banza na same ta ba. Farkon zuwana, Arɗon rugar da sanda ya rako ni har bakin rafi, wai maganin hana haihuwa na kawo musu. Na koma. Damina uku ina zuwa hannu rabbana, ba kula ba alli, sai dai in durƙusa gaban bukkar mahaifiyarsa, tsohuwar da kowa ke kira Dada. A wurinsu baƙo ba ya buɗe baki da abin da ya kawo shi sai an sha nono. Dada za ta jawo ƙwarya, ta kurɓa da ludayi, ta miƙo miki ludayin da ta sha da shi. Kika sha, kin zama 'yar gida. Kika ƙi, kin ce su ƙazamai ne, ko da ba ki furta ba. Ni da nono ke ɓata wa ciki, na yi ta sha har cikin ya gaji ya haƙura. A damina ta huɗu na goyo autata na ɗiga mata maganin a gaban idonsu. Dada ta jawo jikanta, ta matse mashi kumatu, ta ce in sa. Tun daga ranar, duk jaririn da aka haifa a rugar ni ake aiko wa, ni ke rako uwarsa asibiti a yi mashi allurar ƙyanda da sauransu.

Da korona ta zo, gwamnati ta rufe kasuwanni, aka hana taron Juma'a. Mutanenmu suka ce mu kam koronarmu tana daji da bindiga, wannan ta masu hawa jirgi ce. Aka kawo wa asibitinmu na sha-ka-tafi bokiti mai famfo da sabulu, da takunkumin rufe baki, da wani abin auna zafin jiki mai kama da ƙaramar bindiga. Ranar farko da incajin asibitin ya saita shi a goshin wani dattijo, dattijon ya ɗaga hannuwa sama yana salati. Muka yi dariya, sannan kowa ya yi shiru, don mun san inda ya koyi ɗaga hannun.

Da shekara ta zagayo aka ce allura ta iso. Za a kafa ayari-ayari, kowane ayari da shugabansa, shugabannin kuma za su tafi bita Katsina. Ni ko tantama ban yi ba, har sabon mayafi na saya na ajiye. Incaji ya tara mu ya karanta suna, sai na ji sunan ɗiyar maƙwabciyata.

Yarinyar nan ni na kawo ta aikin. Uwarta ce ta roƙe ni, na sa ta tana bina tana zana alli a bangon gidajen da muka gama, kuma ko allin sai da na yi wata ina gyara mata. Daga baya ta tafi makarantar lafiya ta dawo da takarda, ta yi aure, shi ke nan. Na bi incaji har ofishinsa. Ya ce, "Iya, ki yi haƙuri. Wannan allura ce ba ɗigo ba, sai mai takarda. Kuma sunayen mutane a babbar waya ake shigarwa." Na dubi wayata rakani-kashi da na ɗaure da roba, na ce, "To ni ina aka sa ni?" Ya ce, "Ke za ki raka su, ki riƙe kula."

In riƙe kula. Shekara goma sha biyar, ƙafata ta tsage a hanyoyin nan, sakamakona in zama jakar ɗaukar kaya. Ba zan yi ƙarya ba tunda na zauna rubutawa, ƙyashi ne ya kama ni, irin wanda ke hana mutum jin ɗanɗanon miya. Ta dawo daga Katsina da 'yar shara shuɗiya mai tambarin gwamnati, da kati rataye a wuya, tana ba matan unguwa labarin ɗakin da ruwan zafi ke fitowa daga bango. Abin da ya fi ƙona mini rai, ba ta sake hali ba. Har gida ta zo ta durƙusa ta gaishe ni, ta ajiye mini tsarabar dabino da sabulu, tana "Yaya, sai kin riƙe ni, ni ban san komai ba." Wallahi da rashin kunya ta yi mini da na ji sanyi, da na samu abin kamawa. Maigidana ya ga yadda na ture dabinon ya ce hassada ga mai rabo taki ce. Na ce ya ci tuwonsa, ba wanda ya tambaye shi.

Muka fara da cikin gari. Matan da na ɗiga wa 'ya'yansu magani tun suna amare, su ne ke leƙowa suna cewa ga likita ta zo, a ba likita kujera. Ni ina tsaye baya da kula, ko tabarma sai an tuna. Kuma ta iya allurar, hannunta ba nauyi. Wannan ma na ji haushinsa.

Ranar da jadawali ya kawo mu kan ruga, muka hau mashin da safe, 'yan acaba suka ajiye mu bakin rafi suka ce nan za su jira. Muna tuɓe takalma za mu ƙetare, ta dafa ni ta ce, "Yaya, ban taɓa shiga ruga ba. Akwai abin da ya kamata in sani?"

Akwai mana. Na san abin da aka koya mata a bita, don kullum tana maimaita mana: kada a cire takunkumi, kada a yi musabaha, kada a sha da abin da wani ya sha. Na san kuma halin da rugar ke ciki. Tunda rikicin daji ya tsananta, duk Bafulatani an mai da shi ɓarawo a idon mutanen gari. Matansu kan zauna da ƙwarya a kasuwa har yamma ba wanda ya taya, in sun wuce ana janye yara. Dada da bakinta ta taɓa ce mini yanzu ko a rijiya sai a wanke guga in sun taɓa. Kuma mafita ba ta da wuya. In ce azumi take, ko in riga ta karɓar ludayin in sha a madadinta, magana ta wuce.

Na ce, "Ke da kika je Katsina? Abin da aka koya miki shi za ki yi."

Muka tarar da Dada a gindin bukkarta, mata da yara suka kewaye mu. Ta yi murna da ganina, ta fara jero gaisuwa, ina gida, ina yara, ina maigida. Ni na tare ta na ce, "Dada, yau ni 'yar ɗaukar kaya ce. Ga shugabarmu nan, gwamnati ta aiko ta." Na ja da baya na tsaya. Tsohuwa ta jawo ƙwarya, ta ɗaga faifai, ta kurɓa, ta miƙa wa yarinyar ludayi.

Yarinyar ta ce, "Na gode, Inna, na ƙoshi." Dada ta zaci kunya ce, ta kamo tsintsiyar hannunta tana dariya, tana tura mata ludayin. Yarinyar ta zame hannun a hankali, ta matsa baya taku biyu, ta zaro 'yar kwalbar man wanke hannu daga aljihun 'yar shara, ta tsiyaya, ta murza daidai wurin da tsohuwar ta taɓa. Ba da wata manufa ta yi ba, hannunta ne ya riga ya saba.

Dada ta ɗago ta dube ni, ludayin yana hannunta nonon na ɗiga ƙasa. Taku uku ne tsakanina da ita. Ban taka ko ɗaya ba. Na tsaya rungume da kula, kuma a ƙarƙashin takunkumina murmushi nake yi.

Ta mai da ludayin ta rufe ƙwaryar. Matan suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya, kowace da ɗanta. Arɗo ya zo ya ce maza sun tafi kiwo, mata kuma ba su da izini, mu gaida gida. A hanyar dawowa yarinyar ta yi ta kuka tana tambayata, "Yaya, me na yi?" Na ce, "Fulani ke nan, ba a gane musu." Sau biyu ta koma ita kaɗai ba da sanina ba, ko kare bai fito ya tarbe ta ba.

Da rahoto ya je sama cewa ruga guda ba a yi wa ko mutum ɗaya ba, aka kira incaji, shi ma ya kira mu. Ya mai da ita cikin asibiti wajen shigar da sunaye, aka turo wani nas daga Safana ya riƙa yin allurar, ni kuma aka ce in jagoranci ayarin tunda ni na san mutane. Ita da kanta ta cire 'yar sharar ta ninke ta ba ni, ta ce dama ni ta dace da ita. Na sa, na bi ta tsakiyar kasuwa zuwa gida alhali ba hanyata ba ce. Na ji daɗi ranar, ba zan ɓoye ba. Na ci tuwo malmala biyu.

Bayan kwana uku na ɗauki nas muka nufi ruga. Na ce mashi ya tsaya daga nesa ya ga yadda ake aiki. Na cire takunkumi tun daga bakin rafi, na isa gaban bukka na durƙusa na yi sallama. Dada tana kaɗa nono, ta amsa ba ta ɗago ba. Na jero gaisuwa, ta amsa a gajarce. Na jira. Ƙafata ta yi tsami, ba ta ce in zauna ba.

Na ce, "Dada, haƙuri na zo bayarwa. Yarinya ce, ba ta san al'ada ba, an ma cire ta."

Ta ajiye abin da take yi ta dube ni. Ta ce, "Cire ta aka yi? Ai ita ba ta yi mana komai ba. Baƙo ko da ido makaho ne. Da ta dawo ita kaɗai na hango ta daga cikin bukka tana tsaye cikin rana, har ta ba ni tausayi." Sannan ta ce, "Ke kin sani. Ke kika sha nonona shekara da shekaru. Na dube ki don ki rufa mana asiri mu duka, ni da ita. Abin nan naku baki yake rufewa, ba ya rufe ido. Na ga idonki yana dariya."

Na ce ko don yara, a bar maganar korona, a bar ni in ɗiga wa jarirai nasu, na ji an yi haihuwa uku a daminar nan.

Ta ce, "An yi. Idan har za ki iya kunyata ni don ki ka da ɗiyar maƙwabciyarki, ban san abin da za ki iya sa wa jikana a baki ba ranar da kika yi fushi da ni. Ki gaida gida."

Nas ya tambaye ni a hanya me tsohuwar ta ce, na ce mashi sai wani zuwan. Na koma sau huɗu kafin kaka, kowane zuwa daga bakin shinge ake sallamata. Bayan girbi rikici ya matso kusa, rugar ta tashi ta yi kudu da shanunta. Jariran nan uku suka tafi a bayan uwayensu, babu wanda aka ɗiga wa ko ɗigo ɗaya.