Tsagar da ke Kunnena

Ina da shekara tara wata tsohuwa 'yar Indiya ta kama kunnena a ɗakin wanki, ta ce ni ɗanta ne da ya mutu. Ranar Asabar ce da hantsi, a gidajen hayarmu na High Point Road a birnin Greensboro, ƙasar Turawa, kafin a sauya wa titin suna. Ta daɗe tana shafa tsagar da ke kunnena na hagu, hannunta sanyi ƙalau. Ta ce ɗanta ma yana da irinta, kuma ruwa ya ci shi yana da shekara tara.

Ni ɗan wabi ne. 'Ya'ya huɗu Inna ta binne can gida a Maraɗi kafin ni. Tsofaffi suka ce yaro ɗaya ne yake zuwa yana komawa, sai suka tsaga kunnen na huɗun kafin a rufe shi, don a gane shi in ya dawo. Aka haife ni da tsagar, aka sa mini Ajuji. Baba ya ce camfi ne.

Tsohuwar, wadda kowa ke kira Dadi, tana zaune a hawan benen da ke ƙasa da namu. In an aike ni zubar da shara sai in leƙa. Ɗakinta ƙamshin turare, da 'yar fitilar mai gaban gumaka, ga wani littafi naɗe a jan ƙyalle. Addinin Hindu take yi. Ta ce littattafansu na farko ba rubuta su aka yi ba, jin su aka yi, aka riƙa haddacewa. Ta ce Ubangiji ɗaya ne a wurinsu, fuskokinsa ne da yawa. Rai ba ya mutuwa, jiki yake sakewa, abin da ka aikata kuma yana biye da kai, shi suke kira karma. Na tambaye ta sau nawa mutum yake dawowa. Ta ce har sai ya gama, kuma duk ibadarsu don a daina dawowar ne.

Sati biyu kafin in cika goma zazzaɓi ya kayar da ni, na kwana shida a asibiti. Da muka dawo Inna ta ja ni har ƙofar Dadi, ta ce in fassara. "Gaya mata ta daina kiran ɗana. Huɗu na bayar, wannan ba zan bayar ba." Na faɗa da Turanci. Dadi ta dube ta, ta ce, "Ba kiransa nake ba. Kullum roƙona, wannan karon ya zauna." Inna ta yi tsaye, riƙe da wuyan hannuna har ya yi shata. Washegari ta ba ni shinkafa da wake in kai mata, ba ta sa nama ba, don Dadi ba ta ci.

Na zauna. Dadi ta mutu ina da sha huɗu, aka ƙona ta yadda suke yi. Makaranta ban gama ba. Ni Musulmi ne, na san kabari ɗaya ne, tashi ɗaya. Amma ranar da aka haifi 'yata, kunnenta na fara dubawa, na tarar Inna ta riga ni.

Yanzu ina East Greensboro, ina tuƙa babbar mota. Shekarata talatin da ɗaya, ina nan.