Dakta Bilkisu da Tukwanen Layinmu

Ina buɗe shago da safen nan aka kira ni wai Dakta Bilkisu ta rasu. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Kwana uku kacal ta yi a kwance.

Na zauna a kan buhun gawayi. Da na buɗe waya kuma sai raina ya ɓaci.

Ga wanda bai san ta ba, malamar kimiyyar ƙarafa ce, a Unguwar Rimi take. Ni kuwa zubin tukwanen alminiyon nake yi a Unguwar Shanu.

Ranar da ta fara zuwa layinmu, ta zaɓi sababbin tukwane ta ce in yanka mata su gutsi-gutsi. Na ce, "Hajiya, lafiya dai?" Ta ce, "Baba Tanimu, cikin ƙarfen nake son gani."

Ashe ƙasar waje za ta kai su, wurin wata na'ura mai suna sinkirotiron. Ta ce min kamar hoton ƙashi ne na asibiti, sai dai na'urar zobe ce da ta fi filin ƙwallo girma, haskenta kuma yana nuna abin da ke ɓoye a ƙarfe komai ƙanƙantarsa. Ta daɗe tana bin layi kafin a ba ta 'yan kwanaki.

Da ta dawo ta nuna min hoto a wayarta, duk ɗigo-ɗigon ja. "Wannan dalma ce. Daga tsofaffin kayan injin mota da kuke narkawa take shiga. Miya mai tsami kuma ita ke jawo ta cikin abinci."

A irin tukunyar ake dafa wa jikokina.

Ba ta je rediyo ta tona mana asiri ba. Wurinmu ta dawo, ta ce mu taru ta yi mana bayani.

Sau uku tana kiran taro! Na farko shugabanmu ya tafi biki. Na biyu aka baza cewa masu shigo da tukwanen waje ne suka turo ta ta kashe mana kasuwa. Na uku ta kawo kujeru har da ruwan sanyi, mu huɗu muka zo, ɗaya ma cajin waya ya kawo shi.

Yau ga waɗanda suka ƙi zuwa taron nan, kowa ya ɗora hotonta a waya, wai "mun yi rashin uwa".

Haba jama'a! Ku ji tsoron Allah mana.

Matar da ta raba mana takunkumi saboda hayaƙi. Matar da ba ta taɓa tafiya ba sai ta tambayi ciwon ƙafar maiɗakina.

Amma kada in cika baki, ni ma ina ciki.

Sati biyu da suka wuce ta zo da takarda, boko da ajami, da hotunan ƙarafan da za mu riƙa warewa. An sake ba ta lokaci a na'urar, tana son in zuba mata tukwane uku da tsabtataccen alminiyon ta je ta gwada.

"Ba cewa na yi ku bar sana'a ba. Ku ware kawai."

Na ce sai aiki ya lafa.

Ta yi dariya. "Baba Tanimu, tun bara aikin nan naka yake lafawa."

Ban zuba ba. Wallahi aikin wuni ɗaya ne, ban zuba ba.

Takardar tana hannuna. Da na dawo daga jana'iza zan yi kwafi. Duk mai zubi a Kaduna ya zo ya karɓa, ya daina cika mu da dogon rubutu.

Ya Allah Ka gafarta wa Bilkisu, Ka haskaka kabarinta, Ka sa abin da ta yi mana ya zame mata sadaka mai gudana. Ka ba maigidanta haƙuri, Ka raya 'ya'yanta biyu.

Duk wanda ya karanta, don Allah kada ya wuce bai sa ta a addu'a ba. Mu kuma ku roƙa mana Allah Ya sa mu ji magana.