Katakon Baba mai gyaran takalmi

A Filinge ba mu da daɓe, yashi gare mu. Shi ya sa har yau nake jin haushin wanda ya fara kawo mana wasan nan na tsayawa a kan katako mai tayoyi.

Yayanmu ne. Yana da tsohuwar na'urar wasan bidiyo, irin wadda 'yan Yamai suka daɗe da yarwa, ya haɗa ta da tele, wato talabijin, a zauren gidanmu. Kashi na farko na wasan bai dame ni ba: wani ɗan banza ne mai hula baibai yana ta tsalle a kan katako, in ya faɗi ya tashi. Da damina ta wuce sai direban wata mota ya kawo faifan kashi na biyu. A wannan, ɗan banzan yana iya kama bayan mota, ta ja shi a guje, ya sake ta a tsakiyar titi. Ƙanena, autanmu, ya daina cin tuwo da zafinsa. In kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke, yana nan zaune gaban baƙin gilashi, yatsunsa suna ta motsi.

Katako mai tayoyi guda ɗaya ne a duk garin, kuma kowa ya san mai shi. Wani dattijo ne gurgu da ke gyaran takalma a bakin tasha, muna ce masa Baba. A kansa yake zama, ya tura ƙasa da hannu, ya bi gefen kwalta daga gida zuwa rumfarsa. In ya isa sai ya sauka kan tabarma, ya jingine katakon a bayan rumfa.

Kakarmu ba ta shiga zaure, amma wata rana ta leƙa, ta tsaya tana kallon tele. A wurinmu yaro mai ƙafa ba ya wasa da sandar gurgu, ba ya kwaikwayon tafiyarsa, balle ya hau abin hawansa. Tsofaffi suna cewa kira ne, kuma abin da aka kira yana amsawa. Ni 'yar lakwal ce, wato makarantar boko, na sha yi wa irin wannan magana dariya. Amma da na ga yadda ta dubi ƙafafun autan, dariyar ta maƙale mini.

"Kai, mi kaka kallo wajen Baba kullum?" ta tambaye shi.

"Ba komi, Kaka."

"In ka taɓa katakon nan, ba ni ba kai."

Ya ce to. Na san wannan to ɗin, ni na goye shi. Daga nan na fara ganinsa a tasha bayan an tashi lakwal, yana miƙa wa Baba zare, yana ɗebo masa ruwa, idonsa a bayan rumfa. Na ja masa kunne har ya yi ja. Na ce wa yayanmu ya ɓoye faifan, ya ce in tafi in daka gerona. Tsoro nake ji, tsoro na gaske, kuma ba wanda zan gaya wa ba tare da ya ce 'yar boko ta koma canfi ba.

Ranar Lahadi, ranar kasuwa, ina sayen kayan miya da la'asar sai na ji ihu daga wajen kwalta. Kamyo ne, babbar motar kaya, ya ɗauko buhuna zai fita gari, ga autanmu tsaye a kan katakon Baba, ya riƙe ƙarfen baya da hannu biyu, yana washe baki. Na yar da kwanon da ke hannuna na bi su ina kiran sunansa. Direba bai san da shi ba. Inda kwalta ta farfashe, tayar katakon ta faɗa rami. Yaron ya yi sama ya faɗa cikin yashi, katakon ya shige ƙarƙashin motar da ke biye. Na ji ƙarar karyewarsa, ban san ko itace ne ko ƙashi ba.

Kafin in isa ya tashi zaune, bakinsa cike da ƙasa. Mutane suka taru, sai kuma suka dare. Baba ne yake zuwa, a kan hannuwansa, yana jan jiki tun daga tasha. Ya dubi guntayen katakon, ya ɗauki taya ɗaya ya juya ta, ya ajiye. Ni bakinsa kawai nake kallo, don na san kalma ɗaya in ta fito daga can, Kaka ba za ta sake barci ba, ni ma haka.

"Tashi ka yi tahiya in gani," ya ce wa yaron.

Autan ya miƙe, ya taka, ya dawo.

"Alhamdu lillahi," in ji Baba. "Ɗiyata, kai shi gida."

Sai ya zura silifa a hannuwansa biyu, ya hau kwaltar da ke ƙuna, ya nufi gida. Muna tsaye muna kallonsa, kuma gidansa da nisa.